Sheƙa a Shafin Littafi: Yadda Zane Ke Koya wa Yara Ginin Tsuntsaye da Dabbobi

A tsibirin Kyuba akwai wani ɗan tsuntsu mai shan ruwan fure, nauyinsa kusan giram 2 ne, kuma duk duniya babu tsuntsun da ya kai shi ƙanƙanta. Macen ce ke gini. Takan tattaro yanar gizo-gizo da ɓawon itace da gansakuka, ta haɗa sheƙar da faɗinta bai kai santimita 3 ba, ta saka ƙwai biyu a ciki. A jihar Florida ta Amurka kuwa, a shekarar 1963 an auna sheƙar wata gaggafa mai farin kai, aka sami faɗinta mita 2.9, zurfinta mita 6, aka ƙiyasta nauyinta ya haura tan 2. Tsakanin wannan ƙarama da waccan ƙatuwa akwai gini iri-iri: na laka, na yawu, na kumfa, na ganyen da aka ɗinke, na rami a ƙarƙashin ƙasa, har da na tsinken ƙarfe.

A da, mai son sanin irin waɗannan abubuwa sai ya nemi manyan littattafan masana. Yanzu a Amurka da Ingila yaro ɗan shekara biyar kan gamu da su yana zaune a cinyar mahaifiyarsa, cikin littafin da shafukansa ba su wuce 32 zuwa 40 ba, zane ya cika shafi, rubutu layi uku ko huɗu. Littattafan zane masu bayanin halittu sun zama babban reshe a kasuwar littattafan yara ta waɗannan ƙasashe, kuma sheƙa na cikin batutuwan da marubuta ba sa gajiya da su.

Dalili shi ne sheƙa abu ce da yaro zai iya gani da idonsa a bishiyar ƙofar gida, kuma duk tambayar da ya yi a kanta takan kai shi ga wani ilimi. Me ya sa wannan ta rataya a ƙarshen reshe? Me ya sa ƙofar waccan ke kallon ƙasa? Wa ya koya wa tsuntsu ɗaurin ƙulli? Littafin da ya amsa sunansa shi ne wanda in yaro ya rufe shi, zai fita waje ya ɗaga kai ya duba.

Tushen abin

Masana tarihin littattafan yara sukan faro lissafi daga shekarar 1658, lokacin da aka buga Orbis Sensualium Pictus a birnin Nuremberg na Jamus. Marubucinsa, John Amos Comenius, malami ne daga yankin da ke cikin ƙasar Cek a yau. Ya kasa littafin babi-babi kusan 150, kowanne da zanensa, ya sa lambobi a jikin zanen, kowace lamba tana nuna kalmarta da Latinanci da Jamusanci. Tsuntsaye da kifaye da ƙwari duk sun sami gurbi. Ra'ayinsa shi ne yaro ya fara ganin abu kafin a ɗora masa sunansa, kuma a kan wannan ra'ayi ake tafiya har yau.

A Ingila, Thomas Bewick ya fitar da littafinsa na tsuntsayen Birtaniya, kashi na farko a 1797, na biyu a 1804. Yakan sassaƙa surar tsuntsu a kan katako mai tauri, a shafa tawada a buga. Littafin ya shiga gidaje ƙwarai, har marubuciya Charlotte Brontë ta buɗe labarinta Jane Eyre na 1847 da yarinya ta ɓuya bayan labule tana kallon zanen Bewick.

Sai dai sha'awar tsuntsaye a wancan zamani ta zo da ɓarna. Tara ƙwan tsuntsayen daji ya zama abin yayi a tsakanin samari da manya. Yaro ya hau bishiya ya kwaso ƙwai, ya huda shi ya hure abin da ke ciki, ya jera ɓawon cikin akwati a kan auduga. A 1953 kamfanin Ladybird ya fitar da ɗan littafin yara mai suna British Birds and Their Nests, rubutun Brian Vesey-Fitzgerald, zanen Allen Seaby. Shekara guda bayan haka, a 1954, majalisar Birtaniya ta yi dokar kare tsuntsaye wadda ta haramta ɗibar ƙwan akasarin tsuntsayen daji. Amurka ta riga ta da dokar 1918 mai kare tsuntsaye masu ƙaura tare da ƙwansu da sheƙarsu. Daga nan saƙon littattafan yara ya sauya: ka gani, ka gane, ka bari a inda yake.

Littattafai huɗu, dabaru huɗu

Cikin na wannan zamani, wanda ya fi fice shi ne A Nest Is Noisy, wanda kamfanin Chronicle Books na birnin San Francisco ya buga a 2015. Dianna Hutts Aston ce ta rubuta, Sylvia Long ta zana da tawada da fentin ruwa. Shi ne na biyar a jerin littattafan da suka yi tare. Sun fara da na ƙwai a 2006, suka yi na iri a 2007, na malam-buɗe-littafi a 2011, na duwatsu a 2012, daga baya kuma suka yi na ƙwaro a 2016. Tsarinsu hawa biyu ne. A saman shafi akwai gajeriyar jimla da manyan baƙaƙe, wadda ɗan shekara huɗu zai iya riƙewa. A gefen zane kuma akwai ƙananan bayanai na ilimi don yayansa ɗan shekara takwas, ko don uwar da ke karanta masa. Kowace halitta an rubuta sunanta a kusa da ita. Littafin bai tsaya kan tsuntsaye ba, ya tashi daga sheƙar wancan ɗan tsuntsun na Kyuba har ya kai ga shimfiɗar da birin orangutan ke yi a ƙololuwar bishiya. Abin da yaro ke fita da shi shi ne masu gashi da masu ɓawo da masu fiffike duk suna da matsala guda, wato inda za su ajiye 'ya'yansu, amma kowa da hanyar da ya bi.

Mama Built a Little Nest na 2014 ya bi hanyar waƙa. Jennifer Ward ta rubuta baiti ɗan gajere ga kowane tsuntsu, da bayani a zube a gefensa. Mai zanen, Steve Jenkins, wanda ya rasu a ƙarshen 2021, bai yi amfani da fenti ba. Takardu masu launi da kauri daban-daban yakan yanka ko ya yaga, ya manna su har su ba da surar gashi da ɓawon itace. Littafin ya nuna wa yaro cewa akwai masu haƙa, akwai masu saƙa, akwai masu tara laka, akwai kuma waɗanda ba sa gini sam.

Bird Builds a Nest na 2018 ya zo da wata dabara. Marubucinsa, Martin Jenkins, masanin kare halittu ne a Ingila, Richard Jones kuma ya zana. Tsuntsuwa guda ce ake bi daga safe zuwa yamma tana jawo tsutsa daga ƙasa, tana gwada ɗaukar itacen da ya fi ƙarfinta, tana sakin wani ya faɗo. Da wannan ake koya wa yaro ja da turawa da nauyi, darasin kimiyyar lissafin motsi na farko, ba tare da ya ji an sa shi a aji ba.

Nesting na Henry Cole, wanda ya fito a 2020, ya zaɓi natsuwa. Zanen alƙalami ne baƙi da fari, launi ɗaya kawai aka ƙara, shuɗi, irin na sararin sama da na ƙwan tsuntsun robin na Amurka. Ana bin namiji da mace tun daga gini, zuwa kwanci, zuwa ƙyanƙyasa, har 'ya'ya su tashi.

Irin waɗannan littattafai suna da masu tantance su. Ƙungiyar malaman Turanci ta Amurka tana ba da kyautar Orbis Pictus tun 1990, ƙungiyar ɗakunan karatu kuma ta fara ba da lambar Sibert a 2001, duka don littattafan yara masu bayanin gaskiya. Marubuci ya san cewa in ya sa ƙwai fari a sheƙar tsuntsun da ƙwansa shuɗi ne, za a kama shi.

Me ya sa zane a zamanin kyamara?

Tambaya ce da kan zo a ran mutum, ganin kowa na da kyamara a aljihu. Amsar tana cikin yanayin sheƙar kanta. An gina ta ne don ta ɓuya. Hoton sheƙa a cikin ganye galibi duhu ne da tarkace, yaro ba zai bambance tsinke da inuwa ba. Mai zane yakan cire abin da ba a buƙata, ya fito da abin da ake so a lura da shi.

Zane kuma yana shiga inda kyamara ba ta shiga sai da ɓarna. Mai zane zai iya tsaga kututturen bishiya a kan takarda, yaro ya ga uwa a zaune cikin kogo. Zai iya yanka suri biyu, a ga hanyoyin iska da ɗakin sarauniyar gara. Zai iya jera matakan saƙa guda shida a shafi ɗaya, aikin da tsuntsu ya yini yana yi. Duk wannan ba a taɓa ƙwai ko guda ba, ba a firgita uwa ta gudu ba.

Shi ya sa har littattafan manya na gane tsuntsaye suka riƙe zane. Roger Tory Peterson ya fitar da nasa a Amurka a 1934, da ƙananan kibiyoyi masu nuna alamar da ta bambanta wannan tsuntsu da wancan. Babban littafin tsuntsayen Afirka ta Yamma na Nik Borrow da Ron Demey, wanda ya fito a 2001, shi ma zane ne daga farko har ƙarshe. Sharaɗin dai shi ne mai zane ya yi bincike. Yakan duba sheƙun da ke ajiye a gidajen tarihi, ya karanta rahotannin masana, ya ba masani ya duba aikin kafin a kai maɗaba'a, domin kuskuren da yaro ya gani a zane yakan daɗe a kansa fiye da wanda ya ji da kunne.

Abin da sheƙa ke koyarwa

Darasi na farko gyaran fahimta ne. Yara da yawa, har da manya, sun ɗauka sheƙa ɗakin kwanan tsuntsu ce. Ga akasarin tsuntsaye, wurin ƙwai da reno ce kawai. Da 'ya'ya sun tashi sai a bar ta, iyaye su koma kwana a kan reshe. Wasu ma ba su da ita. Namijin babban fengwin na yankin ƙanƙarar kudancin duniya a kan ƙafafunsa yake ɗora ƙwai, ya rufe shi da fatar cikinsa kusan wata biyu, bai ci komai ba.

Na biyu shi ne zafi. Akwai wata kazar daji a Ostareliya da ba ta kwanci. Namijin kan tara ganye da ƙasa su yi tudu, ganyen na ruɓewa yana ba da ɗumi, shi kuma yana zura baki yana aunawa, yana ƙara ƙasa ko ya rage, har zafin ya tsaya kusa da digiri 33. Kadan Amurka ma tudun ciyawa take tarawa, kuma zafin tudun ne ke yanke ko ɗan zai fito namiji ko mace. Ginin gara ya kai ga jan hankalin magina: Mick Pearce, wanda ya tsara ginin Eastgate da aka buɗe a Harare a 1996, daga suri ya ɗauko tunanin sanyaya gini da zagayawar iska.

Na uku kayan aiki. A kogunan duwatsu na Indonesiya da Malesiya akwai tsattsewar da ke gina sheƙarta da yawunta zalla, sheƙar ce mutanen Sin ke saye da tsada su yi miya. A kudancin Asiya akwai ɗan tsuntsun da ke huda gefen ganye da baki ya ɗinke shi da zaren tsiro ko yana. A Afirka akwai kwaɗon da ke kaɗa kumfa a reshen da ya leƙa kan ruwa, ya zuba ƙwai a ciki, in sun ƙyanƙyashe su faɗa ruwan kai tsaye. A hamadar Kalahari, a Namibiya da Botswana da Afirka ta Kudu, wasu 'yan tsuntsaye kan haɗa hannu su yi gini guda mai kama da jinkar ɗaki a kan bishiya ko turken waya, da ɗakuna da kan haura ɗari, ana gadonsa shekaru da dama.

Kayan aikin ma suna tafiya da zamani. A Sifen, binciken da aka buga a 2011 ya nuna shirwa na ƙawata sheƙarta da farar leda, kuma waɗanda ke kan ganiyar ƙarfinsu ne suka fi sakawa, gargaɗi ga masu neman faɗa. A birnin Meziko an gano ƙananan tsuntsaye na shimfiɗa guntun sigari a sheƙa, sinadarin tabar yana rage ƙwarin da ke shan jinin 'ya'yansu. A 2023 Auke-Florian Hiemstra, masani a birnin Leiden na Holan, ya ba da rahoton wata sheƙa a Antwerp da aka gina da tsinken ƙarfe kusan 1,500, irin wanda ake kafawa a gine-gine don hana tsuntsaye sauka.

Abin da bincike ya nuna

A 2002 Andrew Balmford na Jami'ar Cambridge da abokan aikinsa suka gwada yara 109 'yan shekara 4 zuwa 11 da katuna. Wasu katunan na ɗauke da dabbobi da tsirran Birtaniya, wasu da halittun wasan Pokémon na ƙirƙira. Yara 'yan shekara takwas sun gane kusan kashi 80 cikin ɗari na Pokémon, amma na halittun ƙasarsu da ƙyar suka haura rabi. Ƙwaƙwalwar yaro ba ta gaza riƙe sunaye ba, abin da aka sa a gabansa ne ya riƙe.

Bayan shekara goma, J. Allen Williams na Jami'ar Nebraska da abokansa suka duba zane kusan 8,100 a littattafan zane na yara 296 da suka sami lambar Caldecott ko yabonta tsakanin 1938 da 2008. Sun tarar daji da dabbobin daji na ta raguwa a shafukan, gine-gine da cikin ɗaki na ƙaruwa.

Binciken da ya fi shafar marubuta shi ne na Patricia Ganea ta Jami'ar Toronto a Kanada, wanda aka buga a 2014. An karanta wa yara 'yan shekara 3 zuwa 5 littattafai kan dabbobin da ba su saba da su ba, ciki har da carki. Wasu littattafan sun faɗi gaskiyar dabbar yadda take, wasu sun ba ta tunani da halin mutane. Yaran da suka ji kashi na biyu sun fi jingina wa dabbobin gaske halayen mutane.

Wannan ba hujja ba ce ta watsar da tatsuniya. Gizo da Ƙoƙi, kurege da kura, dila malamin daji, aikinsu koyar da hali ne da zaman duniya, kuma sun iya. Amma yaron da ya san gizo mai wayo ya kamata ya san gizo-gizo mai ƙafa takwas da yadda yake saƙa. Kowane littafi da aikinsa, kuma yaro na buƙatar duka biyun.

Namu na ƙofar gida

Iyaye a Kano ko Maraɗi da suka sayo irin waɗannan littattafai za su lura da abu biyu. Na farko tsada, musamman in an ɗora kuɗin kawowa. Na biyu, tsuntsayen ciki baƙi ne. Yaro zai haddace robin da fengwin, alhali Najeriya kaɗai tana da nau'in tsuntsaye fiye da 900, kuma wasu daga cikin ƙwararrun magina na duniya a tsakar ƙauyukanmu suke.

Ga marai, mai rawaya da baƙin kai, da ke cika bishiya guda da sheƙu da hayaniya. Namijin ne masaƙi. Yakan tsago ɗanyar ciyawa ko ganyen kaba, ya fara ɗaura zobe a ƙarshen reshe, daga zoben ya saƙa ɗaki, ya bar ƙofa tana kallon ƙasa, abin da ke wahalar da maciji. Sheƙa guda kan ci tsinke kusan 300. In ya gama sai ya rataya a ƙasanta yana kaɗa fiffike yana kira. Mace ta shiga ta duba. In ta yarda ta yi shimfiɗa, in ba a samu mai so ba har ciyawar ta bushe, ya warware ya sake sabuwa. Nicholas Collias da matarsa Elsie sun shafe shekaru suna nazarin wannan tsuntsu a Jami'ar California, suka nuna cewa saƙar farko ta matashin marai sako-sako take fitowa, sai da maimaici take kyau. Darasi ne da duk yaron da ke koyon rubutu zai ji a jikinsa.

Ga cilakowa. Macen kan shiga kogon bishiya, a toshe bakin kogon da laka da kashinta, a bar 'yar tsaga iya shigar baki. A ciki take saka ƙwai ta zubar da manyan gashinta, namijin na kawo abinci ta tsagar har 'ya'ya su yi ƙwari. Ga tsattsewar giginya, da ke manna ɗan gashi a jikin ganye da yawu, sannan ta manna ƙwan ma da yawu don kada iska ta kayar. Ga shamuwa, da ke dawowa daga kudancin Afirka gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙar itace a bishiyar tsakiyar gari, tana cin fara da tsutsa, mutane kuma ba sa taɓa ta. Ga zanzaro a bangon ɗaki, yana ɗebo laka ya gina ɗakuna, ya harbi tsutsa ko gizo-gizo ya sumar, ya cusa a ciki ya saka ƙwai ya toshe, ɗan ya ƙyanƙyashe ya tarar da abinci bai lalace ba. A ruwa, namijin karfasa kan share rami a yashi, namijin gaiwa kuma shi ke gadin ƙwai a raminsa na fadama. A gandun dajin Gashaka Gumti da ke jihohin Taraba da Adamawa, birin cimfanzi kan lanƙwasa rassa ya yi sabuwar shimfiɗa kowane dare, kuma da ƙirga waɗannan shimfiɗu masana ke ƙiyasta yawansa.

Hatta kirarin hankaka, mai da ɗan wani naka, yana da abin da za a gani a daji. Hankaka na saka ƙwansa, amma wani tsuntsu mai ɗigo-ɗigo daga dangin da Turawa ke kira kuku yakan faki idonsa ya saka nasa a sheƙar, hankaka ya kwanta ya yi reno. A duwatsun Jos akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai irin wannan hali, yana saka ƙwai a sheƙar wani ɗan ja mai zama cikin duwatsu, 'ya'yansa har alamar cikin bakinsu ta yi kama da ta 'ya'yan mai gida. Shi ɗan jan sai a 1998 masanin Amurka Robert Payne ya bayyana shi a matsayin sabon nau'i.

Rubuta ilimin halittu da Hausa ba sabon abu ba ne. A 1949 Rupert East da Abubakar Imam suka fitar da Ikon Allah a Zariya, littafin da ya bayyana halittu iri-iri da Hausa mai daɗi. Daga baya shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato da shirin RANA a Katsina da Zamfara sun samar da littattafan koyon karatu da Hausa ga 'yan firamare. Dandalin African Storybook da aka buɗe a Afirka ta Kudu a 2014, da StoryWeaver na kamfanin Pratham Books na Indiya da ya biyo a 2015, duka suna da littattafan yara na Hausa da aka yarda kowa ya sauke, ya fassara, ya buga kyauta. Masana ma suna kusa: cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos, wadda aka kafa a 2001 tare da Jami'ar Jos, ta yaye ɗalibai da dama, kuma tun 2015 take jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne zaman da zai haɗa masani da marubuci da mai zane a kan littafi guda.

Ilimi da tarbiyya

Yaron karkara ba baƙon sheƙa ba ne. Ya san bishiyar da kurciya ke gini, ya san lokacin da 'ya'yan hasbiya ke ƙosawa, sau da yawa kuma danƙo na aljihunsa. Iliminsa na gaske ne, littafi zai ɗora a kai ne ya ba shi dalili, ya kuma sa masa tausayi. Yaron birni kuwa yakan girma bai san sunan tsuntsun da ke kuka a tagarsa ba.

Malamai ba za su rasa madogara ba. Surori uku na Alƙur'ani suna ɗauke da sunan ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo, kuma a kowacce an ambaci gidan halittar. A cikin Sunan na Abu Dawud akwai hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud, inda sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa biyu a hanyar tafiya, ta zo tana kaɗa fiffike, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da umarni a mayar mata da su.

Ƙa'idojin kallo kaɗan ne, kuma littattafan kirki sukan sa su a shafin ƙarshe. A tsaya daga nesa. Kada a daɗe, domin in uwa ta tashi rana kan gasa ƙwai, hankaka da maciji kuma na lura da inda mutum ya tsaya. Kada a sare reshen da ke da sheƙa sai 'ya'ya sun tashi. Ɗan tsuntsun da ya faɗo bai yi gashi ba ana iya mayar da shi, zancen cewa uwa za ta ƙi shi don warin hannun mutum ba shi da tushe.

Don haka kira ya tafi ga masu ruwa da tsaki. Marubutanmu, waɗanda suka cika kasuwa da labarai, su ware wa yara shafi 24 ko 32 kan marai ko cilakowa ko zanzaro. Sassan koyar da zane na jami'o'i da kwalejojin ilimi su ba ɗalibai irin wannan aiki, masana halittu su duba kafin a buga. A tambayi manoma da makiyaya da masunta sunayen da suke kiran waɗannan halittu tun dattawan da suka sani suna raye. Hukumomin ilimin firamare na jihohi su saya su raba wa makarantu, domin bugun launi sai da yawa yake araha. Iyaye kuma kada su jira littafi ya fito: damina mai zuwa su kama hannun yaro zuwa bishiyar da marai ke gini, su ba shi fensir da takarda ya zana abin da ya gani.